Kamfanonin Jiragen Sama Su Riƙa Sanar Da Fasinjoji

Duk mai bin jirgin sama tsakanin garuruwan ƙasar nan ya san wannan labari, in bai faru a kansa ba to ya faru a kan wani nasa. Mutum ya sayi tikitin jirgin ƙarfe bakwai na safe daga Kano zuwa Legas, ya yi sammako ya isa fili, sai a can zai ji wai an mai da tafiyar ƙarfe huɗu na yamma. Wani kuma ya zo daidai lokacin da aka rubuta masa, ya tarar jirgi ya riga ya tashi domin an matso da lokacin. Wani an sayar masa da tafiya kai tsaye, sai ya ji za a ratsa wani gari a ɗebi fasinjoji. A cikinsu duka babu wanda aka sanar da shi tun yana gida.

Ba shakka kamfanonin nan suna da uzurinsu. Hazon hunturu yakan hana jirgi sauka a Kano ko Maiduguri, kuma akwai filayen da ba a sauka cikinsu bayan faɗuwar rana. Kayan gyaran jirgi da kuɗin ƙasashen waje ake sayo su. A watan Mayu na 2022 sai da kamfanonin cikin gida suka yi barazanar dakatar da aiki baki ɗaya, sabili da litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700. Babu mai hankalin da zai so a tashi da shi cikin jirgin da ba shi da lafiya. To, amma hazo ba ya hana aika saƙo. Ba a sayar wa kowa tikiti sai an karɓi lambar wayarsa, kuma kamfanin da ya iya aiko da tallar rangwame ta wannan lamba ba shi da hujjar yin shiru ranar da ya canja lokaci.

Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce. Ma'aikacin da aka tura taro Abuja ya isa an watse, ga shi tilas ya yi wa ofishinsa bayanin kuɗin gwamnati da ya kashe. Ɗalibin da zai haɗu da jirgin Alƙahira ko na Indiya a Legas ya rasa shi, iyayensa su shiga neman kuɗin wani tikiti. Majiyyaci ya rasa ranar ganin likita da ya yi watanni yana jira. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin mutanen nan ba don jin daɗi suke hawa jirgi ba, tsoron hanya ne ya sa suka ƙuntata wa kansu suka biya.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan al'amari ba. Kashi na 19 na ƙa'idodin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ya tanadi cewa idan aka soke tafiyar cikin gida ba tare da an sanar da fasinja aƙalla sa'a 24 kafin lokaci ba, yana da haƙƙin diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitinsa. Tafiyar ƙasashen waje kuwa diyyarta kashi 30 ne. Idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin sa'a biyu, wajibi ne a ba fasinja abin taɓawa. In ya kai sa'a uku yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. In kuwa dare ya raba ana jira, masauki yana wuyan kamfani. Abin takaici shi ne fasinjoji kaɗan ne suka san haka, kamfanoni kuma ba su ɗokin sanar da su.

Akwai abin koyi a wasu ƙasashe. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa kamfani ba zai kuɓuta daga biyan diyya ba don kawai ya sanar da wakilin da ya sayar da tikiti, muddin labarin bai kai ga fasinja a kan lokaci ba. A 2021 kotun ta ƙara da cewa jirgin da aka matso da tashinsa da fiye da sa'a ɗaya daidai yake da wanda aka soke. A Amurka ma, a 2024 aka kafa ƙa'idar mayar wa fasinja kuɗinsa ba sai ya roƙa ba, idan an canja masa lokaci da sa'a uku a tafiyar cikin gida, ko sa'a shida a ta waje, shi kuwa bai yarda da canjin ba.

Saboda haka kamata ya yi NCAA ta ɗauki waɗannan matakai ta bayyana su ƙarara, musamman batun matso da lokaci da na wakilan sayar da tikiti. Ta tilasta wa kowane kamfani ya nuna shaidar ranar da sa'ar da ya sanar da fasinja, wanda ya kasa kuwa a ci shi tara, a kuma buga sunansa kowa ya gani. Haka nan lalle ne a liƙa waɗannan haƙƙoƙi da Hausa da sauran harsunan ƙasa a kowane filin jirgi, ba da Turanci kaɗai ba.

Su ma fasinjoji da nasu aikin. Hayaniya da zagin ma'aikacin kan tebur ba su mayar wa kowa ko kwabo, shi ma umurni aka ba shi. Abin da ke da amfani shi ne mutum ya adana tikitinsa da saƙonnin da aka aiko masa, ya kai ƙara a rubuce ga kamfani, in bai sami biyan bukata ba ya wuce wurin jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke manyan filayen jirgi.

Tikiti alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. Fasinjan da ya makara da 'yan mintoci akan rufe masa ƙofa, har ma a ci shi tara kafin a ba shi wani jirgin. Adalci ne kamfanin da ke awo da wannan mudu shi ma a auna masa da shi.