Sikila da Dokar Gwaji Kafin Aure

Sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jini, sarƙoƙi huɗu ne na furotin, kowacce tana naɗewa bisa jerin amino asid ɗinta. Sauyin guda ɗaya tak, na shida a sarƙar beta, ke sa sinadarin mannewa da ɗan'uwansa har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Tushen sikila ke nan.

A fadamar Haɗeja, inda sauro ya yi katutu, mai AS na da kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa gadon ya ƙi ƙarewa. Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024. A ƙauyukan Birniwa kuwa, irin wannan doka ba za ta wuce takarda ba muddin sai an biya kuɗin mota kafin a kai ɗakin gwaji, sakamakon kuma ya iso bayan an sa rana.