Odar Tsohuwar Vespa Daga Turai: A Leƙa Zaure Kafin A Hangi Teku

Daga cikin abubuwan da sha'awarsu ta fara kama wasu 'yan kasuwa da manyan ma'aikata a Abuja akwai yin odar tsohon babur ƙirar Vespa ko Lambretta daga ƙasashen waje, a gyara shi ya koma kamar ranar da ya fito daga masana'anta, a riƙa hawa ranakun Asabar da Lahadi. Sha'awa ce mai kyau, kuma ba mai cewa mutum ya yi laifi don ya kashe guminsa a kan abin da ransa ke so. Sai dai tun da wannan shafi na masu lissafin riba da faɗuwa ne, ya kamata a yi wa al'amarin lissafi irin na kasuwa. A ganina, mafi yawan masu wannan niyya sun fara neman kayan ne daga inda ya fi tsada, ya kuma fi haɗari.

Ita dai Vespa, wadda Bahaushe ya mayar Basfa, kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a garin Pontedera na ƙasar Italiya a shekarar 1946, bisa zanen wani injiniyan jiragen sama mai suna Corradino D'Ascanio. Kishiyarta Lambretta ta biyo baya a 1947 daga kamfanin Innocenti da ke Milan, wanda daga bisani ya sayar wa gwamnatin Indiya injinan ƙirarsa a 1972. A Indiyan kuma kamfanin Bajaj ya yi ta ƙera Vespa da izinin Piaggio tun daga 1960 har zuwa 1971, sannan ya ci gaba da tasa mai suna Chetak, wadda kusan kwabo da kwabo take da uwarta. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin babur ɗin da za a nuna masa a hoto a ce masa ɗan Italiya ne, yana iya kasancewa ɗan Indiya ne aka liƙa wa tambari, kuma farashin biyun ba ɗaya ba ne.

Matsalar farko ita ce jikin babur ɗin kansa. Vespa ba ta da ƙashin ƙarfe a ciki irin na sauran babura. Farantin ƙarfen da ake gani daga waje shi ne yake ɗauke da inji da mahayi baki ɗaya. Idan tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa da kwarin da ke tsakiya, to babur ya mutu, ko da fentinsa yana ɗaukar ido. Masu tara tsofaffin babura a Turai da Amurka sun daɗe suna gargaɗin juna game da waɗanda ake gyarawa cikin gaggawa a wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, musamman Biyetnam, inda akan haɗa rabin wannan da rabin wancan da walda, a lulluɓe da ƙullin cike, a fesa fenti mai sheƙi, a saka a kasuwa. Wanda yake zaune a Wuse ko Gwarimpa yana kallon hoto a waya ba shi da hanyar ɗora maganaɗisu a jikin babur ya gane inda ƙarfe ya ƙare ƙulli ya fara. Sayen kifi a ruwa ke nan. In har ya zama dole, to a nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen da ta inji, a gwada su da shekarar da mai sayarwa ya faɗa, a kuma biya wani amintacce ya je ya gani da idonsa.

Sai maganar kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023, dalar Amurka ɗaya tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. Bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haye naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Kwastan kuwa da dala take ƙiyasta darajar kaya, sannan ta mayar naira bisa farashin da Babban Banki ya ba ta. A kan kuɗin saye za a ɗora kuɗin akwatin katako, da na jirgin ruwa, da inshora, da kuɗin fito, da harajin VAT wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairu na 2020, da ladan wakilin fito, da kuɗin kwanan kaya idan takardu suka yi jinkiri a Apapa ko Tin Can. Bayan duk wannan akwai tafiyar fiye da kilomita 700 daga Legas zuwa Abuja. Ɗan kasuwan da ke shigo da kwantena cike da kaya yana raba waɗannan kuɗaɗe a kan ɗaruruwan kaya. Mai babur ɗaya tal shi kaɗai zai ɗauka.

Akwai kuma duhun doka. Jerin kayan da aka haramta shigowa da su ya ambaci tsofaffin motocin da suka wuce adadin shekarun da aka ƙayyade, babura kuma ajinsu daban ne a littafin kuɗin fito. Amma wanda ya taɓa fitar da kaya daga tashar ruwa ya san cewa babur mai shekara hamsin, wanda ba shi da rasiɗin masana'anta, ƙimarsa tana bakin jami'in da ya duba shi ne. Tun da Kwastan ta ƙaddamar da tsarin ba da hukunci a rubuce kafin isowar kaya a 2024, hikima ita ce a nemi wannan takarda tun kafin a biya ko sisin kwabo a waje. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai akwai aji na musamman ga abin hawan tarihi da ya haura shekara 30, da sassaucin haraji a kansa. Bai kamata ya gagari Ma'aikatar Kuɗi ta fitar da irin wannan ƙa'ida a fili ba, ko da ba za ta sassauta komai ba, don mai shigo da kaya ya san abin da zai biya tun daga gida.

To, in babur ya iso lafiya, a ina za a hau shi? Tun watan Oktoba na 2006, zamanin da Malam Nasir el-Rufai yake Ministan Babban Birnin Tarayya, aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birni, kuma a 2022 da 2023 hukumomin birnin sun murƙushe ɗaruruwan baburan da aka kama a bainar jama'a. Dokar ta masu haya ce, amma ranar kame ba kowane jami'i ne yake tsayawa tantancewa ba. Mai Vespa dole ya yi rajista da ofishin kula da zirga-zirgar ababen hawa da ke Mabushi, ya riƙe lasisin tuƙin babur da takardar inshora a aljihu, ya kuma sa hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa ranar 1 ga Janairu, 2009. Titunan Abuja kuma don motoci masu gudu aka shimfiɗa su. Babur mai ƙananan tayoyi da birki irin na da ba shi da abin yi a kan babbar hanyar Kubwa ko ta filin jirgin sama. Wurinsa lungunan Maitama da Asokoro da safiyar Lahadi.

Abin da ya fi damuna shi ne, muna neman a waje abin da yake ruɓewa a gida. A shekarun 1960 da 1970 Basfa ita ce abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti a Arewa, kuma kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya ƙara cika tituna da babura. Da yawa daga cikinsu ba su je ko'ina ba. Suna nan jingine a zauruka da bayan ɗakuna a Kano da Zariya da Kaduna da Katsina, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a kansu. Busasshiyar iskar Arewa kuwa ta fi tausaya wa ƙarfe a kan damshin Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, don haka ba abin mamaki ba ne a sami wadda ta kwana shekara talatin a zaure a Zariya ta fi ta Landan lafiyar jiki. Magada da ba su san darajarta ba sukan sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, a narke.

Masu gyara ma suna nan, ko da yake tsufa yana cim musu. Injin Vespa na da, wanda ake gauraya masa fetur da man inji kimanin kashi 2 cikin 100, ba shi da wani sirri ga bakaniken da ya koyi aiki a wancan zamani, kuma Keke Napep ƙirar Bajaj jikar wannan ƙira ce, tun da daga mai ƙafa uku ta Piaggio Bajaj ya samo tata. Kayan gyara irin su fistin da kafireto da kuloci da wayoyin giya har yanzu ana ƙera sababbi a Italiya da Indiya, suna shiga ƙaramin kwali, kuɗin fitonsu kuma bai kai na babur sukutum ba. Ga Ƙofar Ruwa a Kano, ga Panteka a Kaduna, ga unguwar makanikai ta Apo a nan Abuja.

Nan ne nake ganin kasuwancin yake. Mai ɗan jari zai iya sayen tsofaffin Basfa biyar ko goma daga hannun magada da naira, ya karɓi takardar ciniki da shaidar mai unguwa don gudun kayan sata, ya ɗauko tsohon bakanike ɗaya daga Kano ya haɗa shi da yara biyu masu koyo, da mai walda da mai fenti na kirki, ya yi odar kayan gyara kawai. Masu saye su ne waɗannan da ke shirin tura dala Turai, da baƙi ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da masu shirya fina-finan da ke buƙatar abin hawan shekarun baya. Lambretta ce kaɗai, da 'yan wasu nau'o'in Vespa da ba su yawaita a nan ba, za su iya sa mutum ya ɗauki wahalar teku, shi ma bayan ya aika an zaga zaurukan Fagge da Tudun Wada an dawo masa hannu biyu.