Tsofaffin kwamfutocin Funtua da Malumfashi ba su mutu ba, modem ne zai raba gardama

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Ƙarin wa'adin da ya bai wa waɗanda suka yi rajista na ɗan lokaci ne. Kwamfutocin suna ci gaba da tashi kamar kullum, amma duk ɓarakar da 'yan kutse suka gano daga nan gaba za ta zauna a buɗe.

Wannan magana ta shafi Funtua, Bakori, Ɗanja, Kafur da Malumfashi fiye da yadda ake zato. Galibin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, da na dillalan taki da iri, da na sakatarorin ƙungiyoyin manoma, na hannu ne da aka shigo da su bayan sun sha aiki a Turai ko Amurka. Windows 11 kuwa yana neman wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, waɗanda da yawa cikin waɗannan kwamfutoci ba su da su.

Mai shago yana da zaɓi uku. Ko ya sayi sabuwa da kuɗin buhunan masara masu yawa, ko ya ci gaba da shiga asusun banki da kwamfutar da ba ta da kariya, ko kuma ya sauya babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Na ukun ne ya fi dacewa da aljihun yankin, da sharaɗin a koya wa mutane abu guda: yadda za su sa modem ya yi aiki a kanta.

Manhajar da kwafinta ba sata ba ne

Linux babbar manhaja ce da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Tushenta a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabcinsa ba tare da ya karya doka ba. Daga gare ta aka samu nau'o'i irin su Debian da Linux Mint da Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004. Duk mai riƙe da wayar Android ma a kan ƙwayar Linux wayarsa ke tafiya.

Linux Mint yana tashi a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2, ko da yake 4 ya fi sauƙin aiki. Yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox na shiga intanet. Ba ya kuma tilasta wa mai shi sauke sabuntawa a lokacin da bai shirya ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Inda ake yin tuntuɓe

A manyan biranen duniya wayar intanet ce ke shiga gida. A ƙauyukan kudancin Katsina intanet ɗin mutum yana cikin layin wayarsa ne, ko a modem ko a MiFi ko a wayar hannu. Kwamfutar da ta kasa kama modem ta zama keken buga rubutu kawai, kuma a nan ne masu gyara da yawa ke karaya su mayar da Windows na sata.

Dalilin matsalar mai sauƙi ne. Modem ɗin USB irin na Huawei da ZTE idan aka soka shi, yakan fara gabatar da kansa a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. Sai wannan manhajar ta sauka kafin ya rikiɗe ya zama modem. A Linux manhajar ba ta tashi, sai mai gyara ya ɗauka modem ɗin ne bai dace ba.

An daɗe da magance wannan. Akwai ƙaramar manhaja mai suna usb-modeswitch da ke aika wa modem umarnin ya bar kamannin faifai ya koma aikinsa. Ubuntu da Linux Mint suna zuwa da ita, tare da ModemManager da ke magana da modem ɗin, da NetworkManager da ke nuna alamar sabis a gefen allo. Sau da yawa haƙurin rabin minti bayan an soka shi ya isa.

Abin da ya rage shi ne adireshin da kowane kamfani ke shigar da data ta cikinsa, wanda ake kira APN. A sashen Mobile Broadband ana zaɓar Najeriya, sannan kamfanin layin, manhajar ta cike sauran. Idan ba ta cike daidai ba, ana rubutawa da hannu: na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Wanda ke cikin saitin wayar da layin ke aiki a kanta shi ake kwafa.

Sababbin modem na Huawei masu tsarin HiLink ba sa ma buƙatar wannan. Kwamfuta tana ɗaukar su tamkar wayar intanet aka jona, ana kuma duba saitinsu ta rubuta 192.168.8.1 a Firefox. MiFi kuwa ta Wi-Fi ake kama shi, bai damu da wace manhaja ke kan kwamfuta ba.

Akwai abubuwa uku da ake ɗora wa Linux laifinsu alhali ba nasa ba ne. Layi mai lambar sirri ta PIN da ba a cire ba, modem da aka kulle wa kamfani ɗaya aka sa masa layin wani, da kuma raunin sabis a ɗaki mai rufin kwano. Na ƙarshen, doguwar igiyar USB da za ta kai modem bakin taga takan warware shi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Babban tarkon shi ne a goge Windows, modem ya ƙi, ga shi kuma gyaran yana buƙatar intanet. Hanyar kauce masa biyu ce. Linux Mint, wanda girmansa ya kusa gigabait 3, yana tashi kai tsaye daga filas ba tare da ya taɓa komai a kwamfutar ba. A nan ya kamata a soka modem da firinta a ga sun yi aiki kafin a goge ko da takarda ɗaya.

Ta biyu, wayar Android da aka jona da kebul aka kunna mata raba intanet ta USB tana ba Linux sabis nan take. Da ita za a iya sauke duk abin da modem ke nema. Mai gyaran da ya miƙa wa manomi kwamfuta bai yi wannan gwajin a gabansa ba, bai gama aikin da aka biya shi ba.

Abin da Linux ba zai yi ba

Masu adawa da sauyin suna da hujja. Mai shagon da ke zana katin biki da kalanda da CorelDraw ko Photoshop ba zai same su a Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP, amma sai ya sake koyo, kuma kwastoma ba ya jira. Wasu na'urorin ɗaukar hoton yatsa da manhajojin rajista an yi su ne don Windows kaɗai. Irin wannan kwamfutar a bar ta yadda take, a rage shiga intanet da ita har a samu ta zamani.

Haka kuma babu manhajar da ke maye gurbin turken sadarwa. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. Mutane sun riƙa tafiya wasu garuruwa don su kira waya ko su tura kuɗi.

Wancan lokacin ya nuna cewa kwamfutar da ba ta iya komai sai da intanet ba ta dace da yankin ba. LibreOffice ba ya neman rajista ko sabunta lasisi, don haka lissafin bashin taki da sunayen mambobin ƙungiya suna nan ko sabis ya ɗauke. Filas ɗaya kuma zai iya zagaya shaguna daga Funtua zuwa Ɗandume ba tare da kowa ya sake ƙona data ba.

Wa ya kamata ya motsa?

Jihar Katsina tana da hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT, gwamnatin tarayya kuma tana da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku da aka ƙaddamar a 2023. Horon kwana biyu ga masu gyaran waya da kwamfuta na Funtua da Malumfashi, a kan girka Linux da saita modem, ba zai ci kuɗin kwamfuta goma ba. Ya kamata a yi shi da Hausa, da ainihin modem ɗin da ke kasuwa, kowane mahalarci ya koma da filas ɗinsa da takarda ɗaya mai ɗauke da APN na kamfanonin layi.

Funtua ta samu tashar jiragen ruwa ta kan tudu da aka buɗe a Mayun 2024. Fitar da waken suya ko auduga ta wannan hanya aiki ne na takardu da imel da cike fom a intanet, wanda allon waya bai wadatar ba. Ƙungiyoyin manoma da ke son shiga wannan kasuwa suna buƙatar kwamfuta mai tsaro, kuma da yawansu sun riga sun mallake ta, tana ajiye a ofis ƙura na hawa.

Kafin a sayar da ita ga 'yan gwangwan, a kai ta wurin mai gyara da modem a hannu, a ce ya tayar da ita daga filas. Idan alamar sabis ta fito, kuɗin sabuwar kwamfuta ya tafi ga takin damina.