Wanda ya cire wa Fijo 504 injinta ya kashe ta

Tsofaffin motoci sun sake yin farin jini a Kano da Kaduna da Abuja. Ana ganinsu a ayarin ɗaurin aure da hotunan Instagram: Fijo 504 da Marsandi W123, an wanke an goge, ango ya jingina. Da a nan abin ya tsaya, da sai mu yi murna. Amma a ɗaga murfin injin yawancinsu, sai a tarar an cire na asali an dasa na Toyota, an yage kujerun an ɗinke da leda, an malkwaya fenti a kan tsatsa. Mai motar yana alfahari ya raya tarihi, alhali gawarsa ya yi wa kwalliya.

Ya kamata a san abin da ake lalatawa. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar masana'antar PAN ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, ta ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara 20 bayan an daina ƙera ta a Faransa a 1983. Ita ce motar gwamnati a mulkin soja na Obasanjo, doguwarta kuma ta yi shekaru tana jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Wato 504 ɗin da ke hannunka mai yiwuwa ma'aikatan Kaduna ne suka ɗaure notocinta. Kaɗan ne daga kayan masana'antar Arewa suka rage a raye kamarta.

Masu dashen inji suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, inji mai kafireta ya zama nauyi ga aljihu. Kanikawan da suka san saita kafireta da kunne suna tsufa, yaransu kuma sun koma ga na'urar kwamfuta. Kayan gyara na asali sai an yi dogon cigiya a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Sai dai wannan hujja tana nuna cewa ba kowa ne ya kamata ya sayi irin wannan mota ba. Wanda yake neman abin kai yara makaranta kullum, ga Corolla nan cike da kasuwa. Tsohuwar mota ta biyu ce a gida, ana fita da ita ranar hutu, kuma ƙimarta tana cikin asalinta: lambar inji da ta shasi su dace da takardu, fitilu da sitiyari da kujeru su kasance nata. Duk sashen da aka musanya ya rage mata daraja, har a idon mai saye na gaba.

Mai niyyar saye ya fara da ƙasan mota kafin samanta. Inji yana gyaruwa. Shasin da tsatsa ta cinye kuwa ya gama yawo. Ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashin ƙofofi da mazaunin safaya, musamman idan motar ta zauna a Legas ko Kwatano, inda iskar teku ke cin ƙarfe. Ya bi jikinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, cikon fanel bita ne aka lulluɓe da fenti. Ya nemo bakanikensa tun kafin ya biya kuɗi. Kada kuma dillali ya ruɗe shi da cewa jari ce. Haraji ce da zai riƙa biya kowane wata saboda so.

Adadin waɗannan motoci raguwa kawai yake yi. Kullum 'yan gwangwan suna sassara wasu, ana auna su a sikeli a sayar da kilo. Marsandin da aka kashe Janar Murtala a cikinta a 1976 ta samu mazauni a gidan tarihi na Onikan a Legas, amma motar malamin makaranta da ta direban tasha ba su da mai tsaronsu sai wanda ya saye su. Idan ba za ka iya riƙe ta yadda aka ƙera ta ba, ka bar wa mai iyawa.