Wa Ya Sari Garinmu?



Da yawanmu mun haddace tarihin Kano da Sakkwato saboda jarrabawa, amma a tambaye mu wanda ya sari garinmu, sai mu yi zuru. Ku dubi Zungeru ta Jihar Neja. A 1902 Turawa suka mai da ita hedikwatar Arewa, kafin su koma Kaduna. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. Yau yawancin gine-ginen Turawan sun zama kufai, gadar Lugard ma an ɗauke ta zuwa Kaduna. Kowane gari yana da irin wannan labari a bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

To, a hutun nan mu kafa ƙungiyar sa-kai ta tarihi, ko mu biyar ne. Mu nemi izinin mai unguwa, mu gaida dattawa, mu naɗi hirarsu da waya: asalin sunan unguwa, tsohuwar kasuwa, shekarun yunwa. Mu rubuta da kwanan wata, mu ajiye kwafi a laburaren makaranta.

Mu fara da kakanninmu na gida. Sai mako mai zuwa.