Raƙumin Ruwa Ma Yana Bukatar Sirdi

Mutumin Kumagannam, can cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari inda rairayi ya fi ruwa yawa, ba a koya masa darajar sirdi. Tun yana yaro ya san cewa raƙumin da aka ɗaura wa sirdi a karkace ba ya kai mai shi masauki lafiya, jakin da mangalarsa ta rinjaya gefe guda kuwa, ko ya ka da kayan, ko kayan su ka da shi. Abin mamaki shi ne, in wannan mutum ya gangaro kudu cin kasuwa, ya iso bakin ruwa a ƙasar Gashuwa ko Nguru, sai ya faɗa kwale-kwale ya ɗare kan buhu, bai tambayi inda ya kamata ya zauna ba, balle ya dubi abin da mai tuƙin yake zaune a kai. Alhali kuwa ba banza ba Bahaushe ya kira igiyar ruwa da sunan raƙumi. Hukuncin hawansu ɗaya ne.

Ruwan da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, su haɗu kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe wanda ke zubawa a Tabkin Chadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake. Ciyawar kacala ta toshe tsofaffin hanyoyinsa, ruwa ya nemi sababbi, har ƙauyuka da dama suka wayi gari ba su da hanyar kasuwa ko ta asibiti a wasu watanni sai ta jirgin fito. Watau kwale-kwale a wannan yanki shi ne motar haya, shi ne kuma motar ɗaukar majinyaci.

Galibin ruwan nan ba shi da zurfi, amma wannan ba dalilin sakin jiki ba ne. In iskar hadari ta taso da damina, ko hunturu ya busa da ƙarfi, ruwa marar zurfi yakan tayar da gajerun igiyoyi masu bin juna kusa da kusa. Jirgi bai gama sauka daga kan ɗaya ba sai wata ta mare shi. Kowace mara tana ratsa katako ta shiga ƙugun wanda ke zaune. Fasinja yakan sha wannan na sa'a guda ya sauka. Mai fito kuwa yana shan ta safe da yamma, shekara da shekaru.

To, a kan me yake zaune? Duk wanda ya taɓa tsayawa a mafita ya gani da idonsa. Wani yana kan bakin jirgi, wani yana kan jarkar mai, wani kan guntun katakon da ba a buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Illar wannan iri uku ce. Ta farko, ciwon baya da na ƙugu, wanda kan tsofar da magidanci tun kafin shekarunsa su kai. Ta biyu, gajiya, domin mutumin da ke fama da riƙe jikinsa kada ya zame ba ya iya mai da hankali ga ruwa da kututturen da ke ɓoye a cikinsa. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce in igiya ta girgiza shi hannunsa yana kan akalar injin, sai ya fizge ta ba da niyya ba, jirgi ya juya a gaggauce. Jirgin da ya cika maƙil kuwa, juyi guda ya ishe shi.

Ƙasashen da ke da teku sun daɗe da ɗaukar wannan al'amari da muhimmanci. Tun 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka da ta ƙayyade yawan girgizar da za a bar ma'aikaci ya sha a wurin aikinsa. Ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Ingila, wadda aka kafa a 1824, tana sa wa manyan jiragenta na zamani kujeru masu sifirin a ƙarƙashinsu, don kujera ta shanye dukan ruwa kafin ya kai ga ƙashin bayan matuƙi. Babu mai cewa a kawo irin waɗannan Nguru. Kuɗinsu ba na mai fito ba ne, tsayinsu ma haɗari ne ga kwale-kwale. Abin ɗauka shi ne hikimar, ita kuwa kafintan gari zai iya aiki da ita.

Da fari, mazauni ya zama a ƙasa. Muddin nauyi ya yi sama, jirgi yana ƙara tangaɗi, kamar yadda dogon kaya ke rinjayar jaki. Na biyu, ya zama kafaffe: katako mai kauri da aka gitta, aka ɗaure shi da noti a haƙarƙarin jirgi dama da hagu. Irin wannan ba mazauni kaɗai ba ne, yana ƙara wa jirgin kansa ƙarfi. Na uku, a yi masa ɗan majingini da bai wuce tsakiyar baya ba, a kuma buga wani katako a ƙasa inda matuƙi zai toka ƙafafunsa, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, gama ƙafa ita ce sifirin da Allah ya hore wa kowa. Na huɗu, a shimfiɗa abin da zai sha duka. Robar tsohuwar taya da aka yanka aka jera ta wadatar, a ɗora soso mai tauri, a lulluɓe da tamfol. Soson katifa ba shi da amfani a nan, don yakan sha ruwa ya ruɓe, ya kuma lotsa tun a makon farko.

Har wa yau, a lura da wurin da za a kafa shi. Goshin jirgi shi ya fi shan duka, bayansa ya fi natsuwa, amma in nauyin injin da na mai da na matuƙi suka taru a can ƙarshe, sai goshi ya ɗaga, matuƙi ya daina ganin gabansa. Maganin wannan shi ne a ƙara wa akalar injin tsawo, a matso da mazauni gaba kaɗan. Igiyar kashe injin kuma, wadda akan cire a jefar, ya kamata ta zauna a wuyan hannun matuƙi, don in ya faɗi injin ya mutu nan take.

Fasinjoji ma haka. Jirgin da ke da bencina kafaffu yana faɗin adadin mutanen da zai ɗauka da bakinsa, in gurbi ya ƙare, magana ta ƙare. Wanda babu benci a cikinsa kuwa, ba a rasa inda za a cusa mutum ɗaya, sa'an nan in igiya ta zo, jama'a su ruga gefe guda.

Kada a ɗauka cewa mazauni shi kaɗai zai hana haɗari. Jama'a ba su manta da kifewar jirgi a Bagwai ta Jihar Kano a Nuwamban 2021 ba, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, haka kuma wanda ya kife a Janairun 2026 tsakanin Adiyani ta Jihar Jigawa da Garbi ta ƙasar Nguru, ya ci rayuka fiye da 20. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Waɗannan su ne gaba. Amma rigar ruwa sai an jira a sayo ko a rabo, mazauni kuwa aikin yini guda ne da katako da noti.

Saboda haka ya kamata sarakunan ruwa da shugabannin masu fito su sa wannan cikin sharuɗɗan lodi, ƙananan hukumomin Nguru da Bade kuma su tara kafintocin jirgi a nuna musu yadda ake yi. Shi kuma baƙon da ya zo daga tudu, kafin ya miƙa kuɗin fito, ya dubi mazaunin matuƙi kamar yadda yake duban sirdinsa kafin ya hau. In ya ga jarka ce, ya haƙura ya jira jirgi na gaba. Allah ya kiyaye, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, amin.