Ayun Kebbi na buƙatar masu bincike, su kuma suna buƙatar izini

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya sha cin karo da tallar man ayu. Masu sayar da kayan mata kan ɗaga 'yar kwalba, suna rantsuwa cewa nasu ne na asali. Masu maganin gargajiya ma sun daɗe suna ambatonsa a kasuwanninmu.

To, a cikin biyu dole a yi ɗaya. Idan abin da ke cikin kwalbar jabu ne, an damfari mai saye. Idan kuma na gaske ne, an kashe dabbar da dokar Najeriya ta haramta taɓawa.

Ayu ba kifi ba ne, duk da cewa a ruwa yake rayuwa. Da huhu yake numfashi, shi ya sa yake ɗago hanci saman ruwa lokaci-lokaci. Ciyawar ruwa ce abincinsa, kuma babbansa kan kai tsawon mita 3. Macen takan ɗauki ciki na kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi nono, sannan a yi shekara biyu ko fiye kafin ta sake haihuwa. Dabbar da ke haihuwa a haka, in aka kashe mata uwa ɗaya, an yi ɓarnar shekaru.

A takarda, ayu na da gata. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana farautarsa, gyaran da aka yi mata a 2016 kuma ya ɗaga tara zuwa miliyoyin naira. A 2013, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Bangkok, an mayar da ayun Afirka rukunin farko, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Amma a cikin nau'o'in ayu uku da ke duniya, namu ne masana suka fi ƙarancin nazari a kansa.

Maganar ta shafi Kebbi kai-tsaye. Kogin Neja, wanda ayu ke zaune a cikinsa, ta wannan jiha yake shigowa Najeriya bayan ya baro Gaya, ya ratsa Bagudo ya gangara Yawuri, ya faɗa tafkin Kainji. Bagudo kuwa ƙasar Masarautar Gwandu ce, kamar Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Jami'ar, wadda aka kafa a 2013, tana zaune ne kusa da fadamar Gulbin Kebbi da ke zuba a Neja. Wa ya fi ɗalibanta cancantar gano inda ayu ke kiwo da damina, inda yake fakewa in ruwa ya janye, da yadda madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta raba masa hanya?

A nan ne maganar izini ta shigo. Mai bincike kan matsa kusa da dabba, wani lokaci ya kama ta da raga, ya auna ta, ya ɗebi ɗan fatarta, ya maƙala mata na'urar bibiya. Wanda ya hango shi daga gaɓa ba zai bambanta shi da mafarauci ba. Takardar izini ce kaɗai ke raba su, a idon doka da idon mutanen gari.

Amurka ta daɗe da tsara wannan. Dokarta ta 1972 ta hana cutarwa ko takura wa duk wata dabbar teku mai shayarwa. Masanin da ke son nazarin wel mai doro, wato ƙatuwar dabbar tekun nan da ke kaiwa mita 15, sai ya rubuta wa hukumar NOAA abin da zai yi: dabba nawa zai tunkara, a wane ruwa, da wace dabara, kuma don amsa wace tambaya. Ana wallafa buƙatar tasa a jaridar gwamnati, a ba jama'a kwana 30 su yi tsokaci kafin a yanke hukunci. Da irin waɗannan takardu masana suka yi shekaru suna ɗaukar hoton wutsiyar wel, domin kowanne da irin zanensa kamar zanen yatsa. Sakamakon aikin ne ya sa a 2016 hukumar ta kasa wel mai doro gida 14, ta cire 9 daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Wasu daga cikin waɗannan dabbobi ma kan zo haihuwa a Tekun Gini, wanda Najeriya ke bakinsa.

Sai dai kalmar bincike takan zama mayafi. Bayan an dakatar da farautar wel don kasuwanci a 1986, Jafan ta ci gaba da kashe ɗaruruwa a shekara da takardar binciken da ta ba kanta, naman kuma ya ƙare a kasuwa. Ostireliya ta kai ƙara, kuma a ranar 31 ga Maris 2014 Kotun Duniya ta yanke cewa shirin na Jafan a tekun Antatika ba na binciken kimiyya ba ne. Wanda ya san yadda takarda mai hatimi ke buɗe hanya a shingayen ƙasar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Izinin da aka bayar a ɓoye zai iya zama lasisin tatsar man ayu.

Saboda haka muna ganin izinin ya zama mai sauƙin nema, mai wuyar ɓoyewa. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da takardun CITES, hukumar NESREA kuma ke sa ido kan masu karya doka. Ko ɗan guntun fatar ayu za a tura ɗakin gwaji a ƙasar waje, sai da takardar fitarwa daga nan da ta shigarwa daga can. Bai kamata ɗalibin digiri na biyu a Kalgo ya ƙarar da kuɗin bincikensa a motar Abuja yana neman ofishin da zai sa hannu ba. A buɗe masa tebur a Ma'aikatar Muhalli ta jiha a Birnin Kebbi, a rubuta sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin amsa a intanet, sannan a riƙa sanar da sunan duk wanda aka ba izini da abin da aka yarje masa, har a rediyo da Hausa.

Kuma kada a tsallake masu ruwa. Kabawa sun san izinin shiga ruwa tun kafin a ƙirƙiro fom. A Argungu, ba mai jefa homa a Matan Fada sai an ba da umarni, kuma Sarkin Ruwa ke tsaye a kan al'amarin. Bikin da UNESCO ta amince da shi a 2016 ya rayu ne saboda ana barin ruwan ya huta. Sarkawan da suka gaji su daga kakanni sun san gurbin ayu fiye da kowace na'ura. Idan takardar izini ba ta bi ta hannun Sarkin Ruwa da hakimi ba, mai bincike zai yi ta shawagi a kwalekwale, masunta suna kallonsa suna shiru.

An gwada haɗa hannu da masunta a maƙwabta, kuma ya yi aiki. A Kamaru, Dakta Aristide Takoukam Kamla da ƙungiyarsa ta AMMCO sun ba masunta manhajar waya mai suna Siren, suna tura hoto da wurin da suka ga ayu ko ya faɗa musu raga. A tafkin Ossa kuma an gano kasancewarsa ta hanyar gwada ƙwayoyin halittar da yake bari a cikin ruwa. Ɗibar ruwa a gora ba ta cutar da dabba, don haka irin wannan aiki ya kamata ya samu izini cikin makonni. Kamu da sa na'ura ne ke buƙatar tsauraran sharuɗɗa da likitan dabbobi a wurin.

Wani zai ce ana fama da tsadar taki da ambaliya, wa ke ta ayu? Tambaya ce mai nauyi, amma mutanen Yawuri sun ga abin da ke faruwa in mutum da dabbar ruwa suka takura wa juna. A 2024 dorina ta kashe mutum a can, aka bi ta aka kashe, gari ya raba nama. Ayu ba ya kisa, amma yana yaga raga yana cin shinkafar fadama, kuma masuncin da ya yi asarar raga ba zai tsaya karanta dokar 1985 ba. Sai an san inda dabbobin suke da lokacin da suke wucewa kafin a iya gaya wa manomi da masunci inda za su kauce.

Aikin farko ma ba ya buƙatar kwalekwale. Jami'ar da ke Kalgo ta nemi izinin tattara samfurin man ayun da ake talla, ta haɗa kai da NAFDAC da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, a gwada a ga kwalba nawa ce ke ɗauke da kitsen ayu, nawa ce kuma man gyaɗa ne da turare.